Takardarmu ta Tarihin Amurka

Mu uku ne muka rubuta wannan, 'yan ɗakin kwana ɗaya, kamar yadda mu uku ne muka haɗu muka yi takardar da za mu ba ku labarinta. Ƙannenmu da za su shiga ajin tarihin Amurka baɗi, ku muka fi nufi, gama abin da ya same mu yana nan yana jiranku.

Kowa a makarantar nan ya san cewa a zango na biyu akan ba 'yan ajinmu aikin rubuta takarda mai shafi 10 a kan tarihin Amurka, makinta kuwa babban kashi ne na sakamakon shekara. Mu dai mun ɗauka wuyar aikin tana wajen cika shafi goman. Ashe tun daga zaɓen kan magana za mu fara shan wuya. Mako uku cur muka yi muna kai wa Malama kan magana tana mayar mana da shi.

Ranar da ta ba da aikin ta rubuta sharaɗi ɗaya a allo. Ta ce kan maganar dole ya zama tambaya, kuma irin tambayar da mutum biyu masu hankali, waɗanda suka karanta littattafai iri ɗaya, za su iya ba ta amsa dabam dabam. Muka kwafa a littafi, ba mu ƙara tunawa da shi ba.

Kashegari muka je da namu, muna murna mun riga kowa: "Yaƙin Basasar Amurka." Malama ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "'Ya'yana, yaƙin da aka yi shekara huɗu ana yi, daga 1861 zuwa 1865, wanda ya ci mutum fiye da 600,000? Kun kawo mini sa ɗungum kuna so in sa shi a tukunyar miya. Kuma ina tambayar?" Muka koma.

Bayan kwana uku muka dawo da na biyu, wanda muka tabbata ba mai iya ture shi: "Bautar da baƙar fata a Amurka mugun abu ce." Ta ce gaskiya muka faɗa, sa'an nan ta ce mu nemo mata mutum ɗaya a ajin nan, ko a makarantar duka, wanda zai tsaya ya yi mana gardama. Muka yi shiru. Ta ce abin da kowa ya riga ya yarda da shi ba ya bukatar shafi goma, layi ɗaya ya ishe shi.

Na uku shi ne, "Wa ya kashe Shugaba Kennedy?" A nan kam akwai gardama, gama tun ranar 22 ga Nuwamba 1963 da aka harbe shi a Dallas mutane suke ja da rahoton hukumar Warren na 1964, wanda ya ce mutum ɗaya ne ya yi harbin. Amma Malama ta tambaye mu wace hujja za mu kawo daga laburaren makaranta, ko daga intanet, wadda ta wuce jita-jita. Ta ce akwai gardamar da karatu yake ciyar da ita gaba, akwai kuma wadda ko ka shekara kana karatu a inda ka fara za ka tsaya. Wannan karon mun ji haushi ƙwarai. A hanyar komawa ɗaki ƙaraminmu ya ce matar nan ba ta son mu ne kawai.

Abin da ya ƙara mana zafi shi ne, wasu 'yan ajinmu sun riga sun wuce. Wani ya tambaya ko ya zama dole Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 da Nagasaki ranar 9 ga wata, ko kuwa Japan za ta miƙa wuya ko ba bam, tun da Rasha ta shiga yaƙi da ita a cikin kwanakin nan. Malama ta karɓa nan take. Wata 'yar ajinmu kuma ta zo da wanda ya burge mu duka. Kowa ya san Rosa Parks, wadda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a bas a garin Montgomery ranar 1 ga Disamba 1955. Amma wata tara kafin nan, wata 'yar makaranta mai shekara 15, Claudette Colvin, ta yi irin wannan a garin nan, aka kama ta. Don me shugabannin baƙar fata ba su gina gwagwarmayarsu a kanta ba, sai suka jira Rosa Parks? Hikima ce, ko rashin adalci ga yarinyar? Ranar da ta karanta tambayar a aji, har aka buga ƙararrawa mutane ba su daina musu ba.

Namu kan maganar a ɗakin kwana muka same shi, da dare, ba da niyya ba.

Babbanmu mutumin Abraham Lincoln ne tun yana firamare. Ya san labarin yaron da aka haifa a bukkar katako a Kentucky a 1809, wanda zamansa a makaranta duka bai kai shekara guda ba, ya koya wa kansa aikin lauya, har ya zama shugaban ƙasa. A daren nan ya ce mu daina wahalar da kanmu, mu rubuta yadda Lincoln ya 'yanta bayi miliyan 4 da alƙalaminsa. Sai ƙaraminmu ya ce ba haka ba ne. Ya ce ya karanta shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863, ya ga ta shafi jihohin da suka yi tawaye ne kawai, inda maganar Lincoln ba ta da ƙarfi, ta kuwa bar bayin Kentucky, da Maryland, da Delaware, da Missouri, inda yake da iko, a hannun iyayengijinsu. Babbanmu ya tashi zaune. Magana ta yi tsawo, murya ta hau, har shugaban ɗaki ya zo ya buga ƙofa ya ce an kashe fitila tuntuni. Cikin duhu na tsakiyanmu, wanda bai sa baki ba tun da aka fara, ya ce, "To, ai ga mutum biyu nan masu hankali."

Da safe muka kai wa Malama: "Wa ya 'yanta bayin Amurka, Lincoln ne ko bayin da kansu?" Wannan ne karo na farko da ta ajiye jan bironta. Ta gaya mana cewa manyan masana tarihi sun yi wannan gardama a shekarun 1990, James McPherson yana ba Lincoln muhimmanci, Ira Berlin da Barbara Fields suna jawo hankali ga abin da bayin suka yi. Muka fara murna. Sai ta ce har yanzu san bai yanku ba, cinya guda ce muka kawo. Ta ce mu nemi wuri ɗaya da lokaci ɗaya inda za a ga tambayar da ido. Ta rubuta mana suna a 'yar takarda: Fort Monroe.

Bari mu ba ku labarin a taƙaice, domin shi ne ya riƙe mu har ƙarshen zango.

Fort Monroe sansanin soja ne a bakin teku a jihar Virginia, wanda ya zauna a hannun gwamnatin tarayya bayan jihar ta ɓalle. A daren 23 ga Mayu 1861, wato ranar da mutanen Virginia suka jefa ƙuri'ar amincewa da ɓallewar, wasu bayi uku, Frank Baker, da Shepard Mallory, da James Townsend, suka shiga ƙaramin kwale-kwale suka haye ruwa zuwa sansanin. Dā an sa su aikin gina wa 'yan tawaye wurin kafa igwa. Kashegari wani manjo na 'yan tawaye ya zo da farar tuta, ya ce a mayar da su ga mai su bisa ga dokar 1850, wadda ta wajabta mayar da bawan da ya gudu. Kwamandan sansanin, Janar Benjamin Butler, lauya ne, kuma ba a san shi da ƙin bauta ba. Ya amsa cewa tun da Virginia ta ce ita yanzu wata ƙasa ce dabam, ba ta da bakin neman a yi mata aiki da dokar Amurka. Kuma tun da abokan gaba suna amfani da mutanen nan wajen yaƙi, zai riƙe su kamar yadda akan riƙe ganima.

Ku lura, bai ce su 'ya'ya ba ne. Kaya ya kira su, kamar dawaki ko albarushi. Amma labari ya bazu a gonaki. Kafin ƙarshen Yuli mutum wajen 900 sun iso sansanin, har da mata da yara da tsofaffi, waɗanda ba wanda zai ce suna gina wa 'yan tawaye kome. Butler ya rubuta wa Washington yana tambaya me zai yi da su. Ranar 6 ga Agusta 1861 majalisa ta yi dokar da ta raba iyayengiji da bayin da aka sa aikin yaƙi, a Yulin 1862 kuma ta yi wata wadda ta fi ta faɗi. Wani abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi shi ne, a bakin ruwan nan da sansanin yake, a nan ne jirgi ya sauke 'yan Afirka na farko da aka kawo Virginia a 1619.

Sai tambayarmu ta koma haka: "Shin gudun bayi zuwa Fort Monroe a 1861 ne ya tilasta wa gwamnati ta mai da yaƙin haɗa ƙasa ya zama yaƙin 'yanta bayi?" Malama ta sa hannu. Amma ta ɗora mana wani sharaɗi wanda ba ta ɗora wa kowa ba. Ta ce babbanmu shi zai tattara hujjojin da suke rage wa Lincoln daraja, ƙaraminmu kuma ya tattara waɗanda suke kare shi. Dukansu biyu suka ce, "Malama, ai kin juya." Ta ce ta sani.

Babbanmu ya sha wuya a makonnin nan, mun gani a fuskarsa. Ya tarar cewa a jawabinsa na kama mulki, ranar 4 ga Maris 1861, Lincoln ya faɗa a fili ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take. Ya tarar cewa da Janar Frémont ya yi shelar 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri a Agustan 1861, Lincoln ya hana, da Janar Hunter ya yi irin wannan a jihohi uku na kudu a Mayun 1862, ya soke. Ya karanta wasiƙar da Lincoln ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley ranar 22 ga Agusta 1862, inda ya nuna cewa ceton haɗin kan ƙasa ne babban nufinsa, ko da 'yanta bayi ko babu. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne taron 14 ga Agusta 1862, ranar da Lincoln ya kira wasu shugabannin baƙar fata fadarsa ya shawarce su su yarda a kai mutanensu wata ƙasa su zauna. Ba a bar maganar a baki ba. A 1863 an kwashi mutum fiye da 400 zuwa wani tsibiri na ƙasar Haiti, cuta da yunwa suka kashe da yawa, a 1864 aka aika jirgi ya kwaso waɗanda suka rage. Daren da ya karanta wannan bai ci tuwo ba.

Ƙaraminmu ma bai tsira ba. Ya tarar cewa lokacin da Lincoln yake rubuta wa Greeley wasiƙar nan, ya riga ya nuna wa ministocinsa daftarin shelar tun 22 ga Yuli, yana jiran sojojinsa su ci wata nasara ne kafin ya fito da ita, abin da ya samu bayan yaƙin Antietam a watan Satumba. Ya gane dalilin lallaɓa Kentucky da Maryland: da sun koma wajen 'yan tawaye, da wuya a ci yaƙin, in kuwa ba a ci ba, ba bawan da zai fita. Ya ga cewa shelar da yake rainawa ita ce ta buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, har wajen 180,000 suka shiga, kuma duk inda rundunar tarayya ta taka bayan 1863, 'yanci yana biye da ita. Ya ga yadda Lincoln ya matsa wa majalisar wakilai har ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki ranar 31 ga Janairu 1865, wanda ya haramta bauta a ƙasar duka. Hujjar da ta fi kayar da shi kuwa ita ce wannan: bayi sun yi fiye da shekara 200 suna gudu, amma bauta sai ƙaruwa take yi. Abin da ya sake a 1861 shi ne, an sami runduna a kusa wadda za a gudu wurinta, rundunar nan kuwa tana can ne domin Lincoln ya ƙi barin kudu ta tafi.

Wata rana a laburare ƙaraminmu ya ce, da baƙin ciki, "Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga." Babbanmu, mutumin Lincoln, ya buga tebur ya ce mutanen nan ba ƙadangaru ba ne, da hannunsu suka ƙara faɗin tsagar har bangon ya faɗi. Mai kula da laburare ta ɗaga kai. Mu kuwa muka dubi juna muka fashe da dariya, gama kowa ya koma yana kare abin da ya zo rushewa.

Sai daga baya muka san abin da ya sa maganar take ƙona ƙaraminmu haka. Kakarsa takan ba su labarin yadda kakanninta suka hau duwatsu don gudun masu kamun bayi, da yadda wata 'yar'uwarsu da aka kama ta dawo gida da ƙafarta a zamanin da Turawa suke cin ƙasar. A littafin makaranta kuwa abin da ya karanta shi ne, Lugard ya yi shela a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, sa'an nan aka kawar da bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Ba a ambaci mai dawowa da ƙafarta ba. Ya so mu sa wannan a takardar. Malama ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba. Sa'an nan ta ce wannan tambaya ce mai kyau wadda ta cancanci takardarta ita kaɗai, taura biyu ba ta taunuwa, mu tsaya a Virginia. Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta labarin kakar a bayan littafinsa, yana nan har yanzu.

A ƙarshe dole muka tsaya a wuri ɗaya, gama Malama ta gargaɗe mu tun farko cewa ba ta karɓar takardar da ta ƙare da "kowane ɓangare yana da gaskiyarsa." Muka ce i, gudun bayin ne ya ɗora maganar a gaban gwamnati tun ba ta shirya ba, shi ya sa janar ya yi tambaya, majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya biyo baya. Muka ba da shafi biyu cikakku ga hujjar McPherson, muka faɗe ta da ƙarfinta, yadda mai ita ba zai ce mun rage masa ba, sa'an nan muka amsa iyakar iyawarmu. Na tsakiyanmu ne ya yi wannan sashe, da yake shi ba ya cikin faɗan.

Takardar ta dawo da maki mai kyau, ko da yake 'yar ajinmu mai Claudette Colvin ta fi mu, kuma ta cancanta. A shafi na tara Malama ta rubuta da jan biro: masana sun ƙiyasta cewa wajen rabin miliyan ne suka gudu zuwa wurin sojojin tarayya, to, sauran miliyan uku da rabi fa, waɗanda suka zauna a gonaki har yaƙi ya ƙare, wa ya 'yanta su? Mun zauna a kan wannan tambaya da yamma a bayan ɗakin cin abinci. Babbanmu ya yi murmushi bai ce kome ba. Ƙaraminmu ya ce yana da amsa, amma sai ya ƙara karatu.

Ƙannenmu, ga abin da za mu iya ba ku. In kun sami kan magana, kafin ku kai wa Malama, ku faɗe shi a teburin cin abinci. In kowa ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin wakensa, ku sake wani. In wani ya ajiye cokali ya ce, "A'a, ba haka ba ne," ku tambaye shi dalili, ku rubuta abin da ya faɗa. Sa'an nan ku je laburare ku duba ko akwai littafi biyu da wasiƙa ko jawabi ɗaya na mutanen zamanin da za ku iya riƙewa a hannu. Kada ku jira mako na uku kamar mu.

Akwai kuma wani kan magana da muka tsinta a hanya, muka rasa lokacinsa, mun bar muku. A cikin baƙaƙen sojojin nan 180,000 akwai wani mutumin Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Turabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, har ya iso Amurka yana ɗa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts. Bayan yaƙi ya zauna a jihohin kudu yana koyar da 'ya'yan bayin da aka 'yanta. A 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a garin Memphis, ya ba da labarin Borno, da hamada, da fadojin Turai, amma bai ambaci cewa ya taɓa sa kakin sojan tarayya ba. Tsoro ne ya sa, da yake a tsakiyar tsofaffin 'yan tawaye yake zaune yana sayar da littafin, ko kuwa akwai wani dalili? Mu uku mun riga mun rabu biyu a kai. 'Yan takardun da muka tara a kansa suna wurin mai kula da laburare, a cikin koren fayil, duk wanda ya riga zuwa nasa ne.